Yadda na goge karatun wata huɗu na Yayata da hannuna

Yau darasin namu zai ɗan bambanta da wanda kuka saba gani. Wani abu ne ya faru da ni, na daɗe ina jin kunyar faɗarsa, sai na ga in na yi shiru wani ma zai faɗa ramin da na faɗa. In kana da jarrabawa a gabanka, ko akwai mai karatu da waya a gidanku, ka daure ka karanta har ƙasa.

Ni dai gyaran waya nake yi a Kano, shekarata ta shida kenan a kan teburi. Karatuna a sakandare ya tsaya. Yayata kuwa, wadda nake bi, ta yi digiri a fannin nazarin ƙananan halittu, ta yi hidimar ƙasa, ta yi aure, ta haifi uku, tana koyar da Bayoloji a wata makarantar kuɗi. Shekara bakwai rabonta da aji a matsayin ɗaliba. Bara ta ce ita fa sai ta koma ta yi digiri na biyu a bayoteknoloji, wato ilimin sarrafa ƙwayoyin halitta don a samar da magani, ko iri, ko hanyar gano cuta. Jami'ar da ta nema sai an zauna jarrabawar tantancewa kafin a ɗauki mutum. Kuɗin fom ɗin ma da ɗaukar adashinta ta biya.

In ka tambaye ta me ya ja ta wannan fanni, wake za ta ce maka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, manomin wake ne, kuma mun taso muna ganin yadda tsutsar nan mai huda fure da kwanso take cinye masa wahalar shekara. A ƙarshen 2019 aka fitar da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wanda aka sa wa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa don ya kare kansa daga wannan tsutsa. Na san akwai masu goyon bayan irin wannan iri, akwai kuma masu tsoronsa, ni ba alƙali ba ne a nan. Ita dai cewa ta yi tana so ta fahimci abin da idonta a ɗakin gwaji, ta daina jin sa a bakin mutane.

Duk karatun nan a waya take yin sa. Ba ta da kwamfuta. Wata tsohuwar Android ce mai memori 32GB, ni na haɗa mata ita. Kuma tana da wata dabara da ban san da ita ba sai da ɓarna ta auku: duk babin da ta karanta da dare, washegari tana girki ko wanki sai ta kunna rikoda ta yi wa kanta bayaninsa da Hausa, kamar tana koya wa ɗalibai. A adaidaita sahu ta sa abin kunne ta saurara. Wata huɗu tana haka. Ta tara murya sama da ɗari, ga bayanan da ta rubuta a manhajar rubutu ta cikin wayar, ga hotunan sikirin.

Saura kwana 19 jarrabawa, ranar wata Asabar, ƙanin mijinta ya kawo min wayar shago. Ta tsaya a logo, ta kunnu ta mutu, ta kunnu ta mutu. Ya ce, "Anti ta ce don Allah ka yi sauri, karatu take yi." Ga mutum biyar a kaina, ga rana, ga mai janareta yana cewa zai kashe. Ban kira ta ba. Wallahi kiran minti ɗaya ne, ban yi ba. Na danne maɓallin ƙara da na kunnawa, na shiga rikobari, na zaɓi goge komai, na danna. Minti uku waya ta tashi garau. Har da jin daɗina, na gyara wa Yaya waya nan take.

Da magariba ta kira ni ta wayar mijinta. Ta ce, "Auta, ina rikodin ɗina?" Na ce wane rikodin? Ta yi shiru. Ban taɓa jin shirun da ya dake ni irin wannan ba. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Can ta ce, "Ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta kashe.

To bari in tsaya nan in gaya maka gaskiyar da wasu masu gyara ba sa so su faɗa. In aka yi wa wayar Android ta zamani wannan gogewar, abin da ke cikinta ya tafi. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama dole ne bayanansu su kasance a kulle da wani mabuɗi na sirri, kuma gogewar tana hallaka mabuɗin ne. Ko ragowar bayanan na nan a kan cif ɗin, sun zama shara, babu mai iya karanta su. Duk manhajojin nan da ake tallatawa wai suna dawo da abin da aka goge, a wannan yanayin ɓata data ne kawai. Na sani, don a daren nan na gwada guda huɗu har ƙarfe uku, na haɗa da kwamfutar ogana, ko fayil ɗaya bai dawo ba. In wani ya ce ka kawo kuɗi zai dawo maka da su bayan an goge, riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi ci min rai, akwai matakan da ya kamata in bi kafin in kai ga gogewa, kuma na san su sarai. Matsalar wayar cikewar memori ce, ta cika maƙil da bidiyon lacca har tsarin ya rasa inda zai numfasa. Da sai in fara cire katin memori da sim in sake kunnawa. In gwada shiga yanayin kariya, wanda ake kira Safe Mode, in goge bidiyo biyu uku. In wayar tana da zaɓin share tarkacen wucin gadi a rikobari in gwada shi, don shi ba ya taɓa kayan mutum. In duk sun ƙi, ana iya yin filashin a bar ɓangaren da kayan mai waya suke, ba a taɓa shi ba. Ba kullum yake ci ba, amma ana gwadawa. Gogewa ita ce ta ƙarshe, kuma sai da bakin mai waya. Kai ma in za ka miƙa wayarka ga mai gyara, ko ɗan uwanka ne, ka faɗa da bakinka: kar a goge min komai sai an kira ni. In aike za ka yi, rubuta a takarda ka manna a bayan wayar.

Washegari da sassafe na tafi gidanta. Umma ta riga ta ji labari, ta kuma wanke ni tas a waya. Na tarar da Yaya ta baza tsofaffin littattafanta na jami'a a tabarma, idonta ya kumbura. Na ce ta ba ni wayar mu ga abin da za a iya tsinta.

Nan muka ci karo da matsala ta biyu. Manhajoji sun ƙi saukowa sai an shiga asusun Google, ita kuma ba ta san kalmar sirrinta ba, wai tun wayarta ta farko wani yaron shago ne ya buɗe mata. Ni na tsallake wajen jiya da wata hanya ta masu gyara, ban ma tsaya neman asusun ba. Allah ya taimake mu lambar da aka sa ta farfaɗo da asusun ita ce layinta na yanzu, aka turo lamba, muka shiga. Lambobin mutane suka dawo. Hotuna babu, don ba a taɓa kunna ajiyar Google Photos ba. WhatsApp ya nuna ajiyarsa ta ƙarshe wata bakwai da suka wuce. Ka san dalili? An bar shi a kan sai da Wi-Fi zai yi ajiya, ita kuwa gidanta babu Wi-Fi, rabonta da shi tun wani taro da suka je. Don Allah kai da kake karanta wannan, ka ɗan dakata ka duba naka yanzu. Shiga WhatsApp, saiti, Chats, sannan Chat backup. Dubi ranar ajiya ta ƙarshe. In ta daɗe, kunna wajen da ke ba shi damar amfani da datar layi, ka bar bidiyo a kashe don kar ya sha maka data. Mutum bakwai na sa suka duba a layin shagonmu a satin nan, biyar nasu ya haura wata uku.

Telegram ne ya share mana hawaye. Shi kayansa a sabar kamfanin suke zama, ba a cikin waya kaɗai ba. Muna shiga da lambarta sai ga duk zaurukan da take ciki da duk littattafan da ta taɓa tura wa kanta. Yawancin zaurukan na ɗaliban Indiya ne, don su can jarrabawar shiga digiri na biyu a wannan fanni babbar harka ce. Suna da GAT-B, suna da JAM wadda cibiyoyin IIT suke shiryawa. Takardar bayoteknoloji ta JAM tambaya 60 ce, maki 100, awa uku, kuma tambayoyin shekarun baya suna nan kyauta a shafin masu jarrabawar. Yaya da su take gwada kanta. Tsarin ba ɗaya ba ne da na jami'o'inmu, har lissafi da fiziks suke haɗawa, amma ta ce DNA ɗin Indiya da na Kano duk ɗaya ne, wanda ya iya amsa nasu ba zai ji tsoron namu ba.

Muryoyin nan dai da rubutunta sun tafi. Su ne kuma ainihin karatun, don littafi kowa yana da shi.

Na ce mata, "Yaya, ni na ɓata, ni zan biya. Kullum in na rufe shago zan zo." Ta ce, "Kai da ko kiredit ba ka yi a Bayoloji ba?" Gaskiya ta faɗa, D7 na samu. Na ce ai ba koya miki zan yi ba, tambaya zan riƙa yi.

Ga yadda na sake tsara wayar, kuma haka nake tsara wa duk ɗalibin da ya zo wajena yanzu. Na buɗe mata jaka ɗaya a Google Drive. Kowane asusu yana da 15GB kyauta, amma ka sani Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp duk a cikinsa suke ci. Murya ba ta da nauyi, don haka dokar ita ce duk rikodin da ta yi, kafin ta kwanta ta tura shi Drive, ta kuma tura wa kanta a Telegram. Wuri biyu. Rubutu kuma ya koma Google Keep, wanda yake ajiye kansa da kansa da zarar an kunna data. Littattafan da take buɗewa kullum na sa musu alamar a same su ko babu intanet. Bidiyo na hana a tara fiye da na kwana uku, a kalla a goge, kuma na ce kar ta yarda sararin wayar ya yi ƙasa da 3GB. Na sa mata katin memori mai kyau daga hannun wanda na yarda da shi. A kula da katin bogi, wanda aka rubuta 64GB a jiki alhali cikinsa bai kai 8GB ba: zai nuna yana karɓar kaya, sai ranar da ka buɗe ka tarar duk sun lalace.

Wajen kayan karatu ba mu kashe ko sisi ba ban da data. OpenStax, na Jami'ar Rice a Amurka, suna da cikakken littafin Bayoloji da na nazarin ƙananan halittu kyauta, halal, ba na sata ba. NPTEL kuma laccocin malaman IIT ne a YouTube. Turancinsu sai kunne ya saba, ta kan rage saurin bidiyon zuwa 0.75 ta kunna rubutun ƙasa. Akwai wani da ya yi ta damunta a WhatsApp wai yana da ainihin tambayoyin da za a fito da su, ta turo kuɗi. Na karɓi lambar na duba, hoton ma na wani ne ya sata. Muka toshe shi.

Abin da ya fi yi mana aiki shi ne AnkiDroid. Kyauta ce a Play Store. Kati kake yi, tambaya a gaba amsa a baya. In ka amsa daidai sai ta jinkirta dawo maka da katin, in ka faɗi ta dawo da shi nan kusa. Wato ba za ka ɓata lokaci a kan abin da ka riga ka iya ba. Ka buɗe asusun AnkiWeb ka riƙa danna alamar daidaitawa, ko waya ta faɗa rijiya katunanka suna nan. Ita take faɗar tambaya da amsa, ni nake bugawa, don hannuna ya fi nata sauri. A kwana goma mun yi kati wajen 400. Shawarata kar ka sauko da katunan da wani ya haɗa, mun gwada, rabinsu ba su shafe ta ba. Wajen haɗa katin ma karatu ne.

A nan ne fa abin ya fara shiga kaina ba da niyya ba. Wata rana na karanto mata kati a kan PCR, hanyar da ake ninka ɗan guntun DNA ya yi yawa, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, irin gwajin da aka yi ta yi lokacin korona. Ta ce mataki uku ne ake ta maimaitawa: a ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95 igiyoyin biyu su rabu, a sauke zuwa tsakanin 50 da 65 'yan guntayen jagora su manne, a mayar 72 sinadarin Taq ya gina sabuwar igiya. Shi Taq ɗin daga wata bakteriya aka samo shi mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafi ba ya kashe shi. Na ce Yaya ai wannan aikina ne! Ni ma da bulowa haka nake yi, in zafi ya yi kaɗan dalma ba ta narke ba, in ya yi yawa na ƙona fanel. Ta yi dariya, karo na farko tun ranar Asabar ɗin nan.

Sai ta ce kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu, to in an yi zagaye 30 daga kwafi ɗaya nawa za a samu? Tana neman kalkuleta na ce 1,073,741,824. Ta ɗago ta kalle ni. Na ce ai adadin bayit ɗin da ke cikin gig ɗaya kenan a lissafin kwamfuta, biyu sau biyu har sau talatin, mun haddace shi a wajen aiki. Tun daga ranar ta daina ce min mai D7.

Haka wajen raba DNA a cikin wani abu mai kama da kamu da aka daskarar, a sa masa lantarki. Kullum tana rikita ɓangaren da yake tafiya. Na ce DNA cajinsa nagetif ne ko? Ta ce e. Na ce to dole ya gudu wajen jan waya, fozitif, kamar yadda na sani a mita. Ƙananan guntaye su yi nisa, manya su maƙale a baya. Ba ta sake faɗuwa wannan katin ba. Ni kuma a bakinta na ji cewa harafi huɗu kacal ne duk rubutun halitta, A, T, G da C, ana karanta su uku-uku, haɗuwa 64, uku daga ciki aikinsu kawai su ce tsaya nan. Na kwana ina tunanin wannan. Mu namu sifili da ɗaya ne.

Inda ta fi rauni lissafin ɗakin gwaji ne, kuma ta ce nan ne masu nazarin halittu da yawa suke zubar da maki, don sun saba da hadda. Misali an ba ka ruwan sinadari mai ƙarfi ninki goma, ana so ka haɗa mililita 100 mai ƙarfi ɗaya: ka ɗebi 10 ka ƙara ruwa 90. Da sauƙi a ido, amma in agogo yana gudu sai kai ya ɗaure. Kullum sai mun yi irin wannan guda biyar da takarda da biro, ba waya. Satin ƙarshe kuma na riƙa sa mata agogo, tambaya 50 a awa ɗaya, waya a yanayin jirgin sama, yara a ɗakin Umma.

Wani gargaɗi kan manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum. Suna da amfani wajen sauƙaƙa bayani, ta yi aiki da su sosai. Amma akwai daren da ɗaya ta ba ta amsar wani lissafin gado da cikakken ƙarfin hali, amsar kuma kuskure ce, sai da ta duba littafi ta gano. Daga nan muka sa doka: babu abin da zai shiga kati sai an gan shi a littafi.

Shagala kuwa, akwai Focus mode a cikin Digital Wellbeing a saitin yawancin wayoyin Android. Na zaɓi Facebook da TikTok da WhatsApp, na sa su kulle daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya da rabi na dare. Ƙawayenta sun yi ta ƙorafi. Fawa bank ɗina na bar mata gaba ɗaya, saboda wutar unguwarsu sai a hankali.

Ba zan ce maka mun mayar da abin da ya ɓata ba. Cikin kwana 19 ta sake yin rikodin 31, a maimakon sama da ɗari. Ɓangaren garkuwar jiki ko rabinsa ba ta sake bi ba, lokaci ya ƙure. Ta ce na biyun sun fi na farko tsari, amma na san tana faɗa ne don hankalina ya kwanta.

Ranar jarrabawa na rufe shago na raka ta. Ba a shiga da waya, don haka ni na riƙe ta a waje, ina zaune a gindin wata darbejiya da jakarta a cinyata kamar mai gadin kaya a tasha. Da ta fito na kasa tambaya. Ita ta fara magana, ta ce, "Auta, Taq ya fito. Jan waya ma ya fito." Na ce garkuwar jiki fa? Ta ce tambaya shida, uku ta sani, uku ta yi canki-canka.

Har yau da nake wannan rubutu sunaye ba su fito ba. Kullum da safe sai ta duba shafin makarantar, ni ma ina dubawa a shago ban gaya mata ba. Ba ta daina rikodin ba kuma, jiya ma ta turo min ɗaya a Telegram na minti tara a kan yadda ƙwayar cuta take jure wa magani, ana jin ƙarar turmi a bayanta. Na saurara ina canja wa wani bakin caji.

Ku sa ta a addu'a don Allah. Wanda kuma ya duba ajiyar WhatsApp ɗinsa ya ga ta ƙi tafiya, ya faɗi irin wayarsa da abin da ta rubuta masa, zan duba in na tashi daga aiki in sha Allah.